KIWON LAFIYA: Ƙullin gidan ƙwai, domi yake komowa bayan aiki?

Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu cikin mararta, ɗaya dama, ɗaya hagu, kusa da mahaifa. Girman kowane bai wuce ɗan dabino ba. Nan ne ƙwan haihuwa yake nuna wata wata.

Wani lokaci ƙulli yakan fito a gidan ƙwai, kamar ƴar jaka mai ruwa. Ga ƴan mata da mata masu ƙuruciya, galibinsa ba ciwon daji ba ne. Da yawa yakan baje da kansa cikin wata 2 ko 3. Wanda ya yi girma, ko yake sa ciwo ƙwarai, shi ne likita yake cirewa.

Domi yake komowa?

In mace tana da ƙuruciya, likita yakan ɓare ƙullin kaɗai, ya bar mata gidan ƙwan, don kada ta rasa haihuwa. Gidan ƙwan da aka bari yana ci gaba da aikinsa. Saboda haka sabon ƙulli yana iya fitowa, ko a gefen da aka taɓa, ko a ɗaya gefen. Kamar gona ce: an yi noma, amma in ruwa ya sauka wani hakin yakan tsiro.

Ƙullin iri iri ne. Mai maiƙo da gashi a ciki bai cika komowa ba. Mai tsohon jini, wanda yake tafe da ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada, shi ya fi komowa.

Abin da ya kamata a yi

1. Mace ta adana takardun likita. A ciki aka rubuta irin ƙullin da aka cire.
2. Ta koma ranar da aka sa mata, ko da ba ta jin ciwo. Hoton ciki, wanda ake kira eko, shi ke nuna gaskiya.
3. In ba ta biɗar ciki yanzu, ta tambayi likita zancen ƙwayoyin tazarar haihuwa. Suna rage komowar mai tsohon jini.
4. Kada a yi gaggawar sake aiki. Kowane yanka yana rage ƙwan da ya saura. Ƙaramin ƙulli sau da yawa sa ido kawai yake so.

Alamar hatsari

In ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya a gefen mara, da amai ko jiri, wataƙila gidan ƙwan ne ya murɗe, ko ƙullin ya fashe. Kada a jira safiya. Kada a tsaya jiƙo ko tsagar wanzami. Ko daga Gabi, ko Safo, ko Ɗan Isa, a kai ta likita mafi kusa. Daga nan za a tura ta asibitin Madarunfa ko Maraɗi. Jinkiri yana kashe gidan ƙwan.

Ga mazaje da uwayen miji

Komowar ƙulli ba sammu ba ne, ba aikin kishiya ba ne. Ba ya zama dalilin saki. Ko gidan ƙwai ɗaya ya saura, in yana da lafiya, mace tana iya ɗaukar ciki ta haihu. Maigida ya ba ta izini da kuɗin mota, ya raka ta.

Tambayoyi

1. Domi likita yake barin gidan ƙwai?
2. Wane ƙulli ya fi komowa?
3. Wace alama ce take sa a tafi likita nan take?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.