Shawarwari: Yadda za ku koya wa yara kalmomin Ingilishi na abin da ke faruwa jefi-jefi

Yaranmu na Tasawa da Mayahi da Faransanci suke soma karatu, sai sun shiga kolej suke haɗuwa da Ingilishi, kuma ba su rabuwa da shi har jarrabawar BEPC. *Always* da *never* ba su ba su wahala, kullum ne da faufau. Inda ake tuntuɓe shi ne tsakiya, wajen kalmomin abin da ke faruwa jefi-jefi, don ga su da yawa, ga kama da juna. Kuma ba ƴan makaranta kaɗai ke bukatarsu ba. Mai zuwa sari Kano ko Katsina, da uwar da ke duba takardar maganin da aka shigo da shi daga Najeriya, duk suna cin karo da su. Ga abin da za ku yi a gida ba tare da kun kashe ko dala ba.

1. Ku zana tsani a bango da gawayi.
A matakin sama ku rubuta *sometimes*, wato wani lokaci. Ƙasa da shi *occasionally*, lokaci-lokaci. Sai *rarely* da *seldom*, ba safai ba. Can ƙasa kuma *hardly ever*, abin da da ƙyar yake faruwa. Yaro yana wucewa ta gaban bangon safe da yamma, idonsa zai riƙe jerin tun kafin bakinsa ya saba.

2. Ku ɗaura kowace kalma a kan abin da yaro ya sani.
Kalmar da aka haddace tsirara ba ta kwana uku a kai, amma wadda aka haɗa da abin gida tana zama. Idan a gidanku sai ranar kasuwa ko ranar suna ake ganin nama a miya, to ga jimla: *We occasionally eat meat*. Ɗan Mayahi kuwa ya san Gulbin Kaba ya fi yawa a bushe, goruba ce ta cika kwarin, sai ya rubuta *The river seldom flows*, kuma ba zai manta da *seldom* ba.

3. Ku lura da mazaunin kalmar a cikin jimla.
Nan ne aka fi zubar da maki, kuma Faransanci ne ke jawowa. Bafaranshe yana sa *rarement* bayan aikatau, sai yaro ya kwaso wannan tsarin ya rubuta *I eat rarely rice*, alhali Ingilishi gaban aikatau yake son ta: *I rarely eat rice*. Sai fa idan aikatau ɗin *am*, *is* ko *are* ne, nan kalmar baya take komawa, kamar a *He is rarely late*. Ku sa shi ya rubuta jimlolin nan biyu a shafin farko na littafinsa, ya riƙa auna sauran da su.

4. Kada a ƙara *not* a kan *rarely*.
Wannan kuskuren kuma daga Hausa yake fitowa. Mukan ce ba safai nake zuwa ba, sai yaro ya ji lalle sai ya nemi abin da zai tsaya a madadin "ba" ɗin, ya rubuta *I don't rarely go*. Ku gaya masa *rarely*, *seldom* da *hardly ever* da korewarsu suke tafe, ba su neman ƙari.

5. Ku ci moriyar Faransancin da ya riga ya iya.
*Rarement* da *rarely*, *sporadique* da *sporadic*, duk ƴan gida ɗaya ne, *intermittent* ma rubutunta ɗaya a harsunan biyu. Amma a yi hattara da *eventually*: ba *éventuellement* ba ce, ma'anarta daga ƙarshe. Rubutun *occasionally* kuwa, c biyu, s ɗaya, n ɗaya, l biyu. Rubutu da n biyu na Faransanci ne, a bar musu abinsu.

6. Ku karanta takardar magani tare, kafin a sha.
Wannan ce shawarar da ta fi damuna, domin ba zancen maki ba ne, zancen lafiya ne. *Once daily* sau ɗaya a rana, *every other day* a sha yau a tsallake gobe, *as needed* ko *when necessary* kuwa sai in bukata ta taso, ba kullum ba, kuma ba a wuce adadin da aka rubuta. A wajen da aka jera illolin magani za ku ga *common*, *uncommon* da *rare*, wato wanda aka saba gani, wanda ba a cika gani ba, da wanda da wuya ya faru. Yaro ya karanta muku, amma hukuncin yadda za a sha na ma'aikacin asibiti ne, ku koma gare shi in kun yi shakka.

7. Ku bar dogayen kalamai sai tsanin ya zauna.
*Now and then*, *from time to time* da *once in a while* duk kusan abu ɗaya suke nufi da *occasionally*, kuma a farkon jimla ko ƙarshenta suke zama. Kada a rikita *once in a while* da *once a week*, na biyun yana da ƙayyadajjen lokaci, kamar cin kasuwar gari. Akwai kuma *once in a blue moon*, abin da sai an daɗe ƙwarai ake gani. Ku ba yaro labarin husufin rana na 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a yankin Maraɗi da Katsina, ya isa misali.

8. Ku nemi *sporadic* da *intermittent* a labaran damina.
*Sporadic* abin da ke faɗowa nan da can ba tsari, kamar ruwan farkon damina da zai jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi. *Intermittent* kuwa abin da ke zuwa yana yankewa yana dawowa, irin wutar lantarki ko zazzaɓin da ke sauka da rana ya tashi da dare. Wanda ya bambance waɗannan biyu zai fahimci hasashen yanayi idan ya gan shi da Ingilishi a waya.

9. Ku yi tambaya ɗaya bayan tuwon dare.
Tambayar ita ce *How often*, wato sau nawa. Ko ba ku jin Ingilishi, ku tambaya da Hausa: sau nawa kawunka ke kiran waya, sau nawa fara ke sauka a gona kamar yadda ta yi a 2004? Yaro ya amsa da Ingilishi, ya nuna muku matakin a bango, ku kuma ku ce ya yi daidai ko bai yi ba, tunda ku kuka san gaskiyar lamarin. Ƴan mata ma a sa su a ciki, kada a ce suna wanke-wanke, jarrabawa ɗaya za su zauna da ƴan'uwansu maza.

Duk jimlar da kuka yi gardama a kanta, yaro ya rubuta ta ya kai wa malaminsa na Ingilishi washegari, ya dawo muku da amsa.