Amsoshin Tambayoyinku: Yaro mai laifi da lafiyar ƙwaƙwalwarsa

Wata uwa daga unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a Kano ta aiko tana tambaya: me ya sa ake cewa a duba lafiyar ƙwaƙwalwar yaron da aka kama da laifi kafin a hukunta shi?

To Hajiya, ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa abin da ake kira taurin kai, larura ce: raunin ji, farfaɗiya, jinkirin fahimta, ko illar shaye-shaye.

A Ostareliya, binciken da aka wallafa a 2018 kan yara 99 na gidan tsare yara na Banksia Hill, mafi yawansu 'yan asalin ƙasar, ya gano kusan tara cikin goma suna da babbar matsala a haɓakar ƙwaƙwalwa, kuma galibi ba a taɓa ganowa ba.

Amma dubawar sai ta dace da al'ada. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba, kunya ce da ladabi. Wanda karatun allo ya yi, kada a auna basirarsa da Turanci. A tambaye shi da Hausa, a saurari iyayensa da malaminsa, har maganar iskoki in sun kawo ta.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kusa da ku a titin Zariya, yana da sashen masu taɓin hankali, akwai kuma asibitin Dawanau. Ku kai yaro da wuri, Hajiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.