Darasi: Dolfin Mai Tozo

Dolfin dabbar teku ce. Yana kama da kifi, amma ba kifi ba ne. Kamar ayu, macen haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono. Dole ya riƙa leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska.

Dolfin iri-iri ne. Akwai mai tozo a baya kamar sa. Launinsa toka-toka ne, bakinsa dogo. Tsawonsa yakan kai mita 2 da rabi.

Ana samunsa kusa da gaɓar teku, a ƙasashe kamar Senegal, Nijeriya, Kamaru da Angola.

Idan ya faɗa tarun masunta, sai ya kasa numfashi, ya mutu. A 2017 masana suka bayyana cewa irinsa ya kusa ƙarewa.

Tambaya: Me ya bambanta dolfin da kifi?