Rariyar Bit a Cikin PLC

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen lantarki masu shirin tafiya SIWES, yau rariya na kawo muku. A aji ana ce mata bit mask. Ni dai rariya nake kiranta, don aikinta ke nan, ta tace ta bar maka abin da kake nema.

Mu ɗauki misali daga garinmu Illela. Rijiyar burtsatse ce mai famfon sola, inbata na sanar da PLC halin da ake ciki ta Modbus, tsarin nan da kamfanin Modicon ya fitar a 1979. Lamba ɗaya tak take turowa, mai bit 16, kowane bit da nasa labarin. A ce bit 0 na nufin famfo na juyawa, bit 3 kuma ruwa ya janye. Ku lura, daga sifili ake fara ƙirgawa.

Bit 3 shi kaɗai ƙimarsa 8 ce. Sai ka ga wani ya rubuta: in lambar ta zama 8, a tsayar da famfo. Kamar daidai, ko? To ai lokacin da ruwa zai janye famfo na kan juyawa, bit 0 a kunne yake. Abin da zai iso 9 ne, wato 1001. PLC zai duba, ya ga 9 ba 8 ba ce, ya yi gum. Famfo ya yi ta juyawa ba ruwa har ya ƙone, unguwa ta koma hannun 'yan garuwa a tsakiyar zafin Afrilu.

Maganin shi ne a haɗa lambar da rariya ta hanyar AND. 1001 AND 1000 zai ba da 1000, sauran duk sun zube. Ga yadda ake rubutawa:

IF (Hali AND 16#0008) <> 0 THEN Famfo := FALSE; END_IF;

Ko bit nawa ne suka kunnu tare, babu ruwanka. OR kuwa kunna bit yake yi ba tare da ya taɓa maƙwabtansa ba, AND NOT ya kashe, XOR ya juya shi.

Masu aiki da Siemens, a yi hattara. A MW10, bit 0 na lambar yana M11.0 ne, ba M10.0 ba, don babban rabin shi ke fara zama. Kuma ma'anar kowane bit ta bambanta daga inbata zuwa inbata, sai ka buɗe littafin wadda ke gabanka kafin ka zaɓi rariya.