Darasin Sana'a: Ɗinkin Littafin Rubutu da Hannu da Jar Fatar Sakkwato

Tun ƙarnoni da suka wuce, masu ɗinkin littattafai a Turai ke neman wata fatar akuya mai laushi da ƙarko wadda suka sani da sunan fatar Maroko. Da yawa daga cikinta jemar ƙasar Hausa ce, fatake ke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can a sayar wa Turawa. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin jajayen fatu da ake kaiwa har Tarabulus. Daga farkon ƙarni na 20 kuwa, fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ta yi suna a Ingila wajen rufe littattafai masu daraja.

Har yanzu ana fitar da fatu masu yawa daga masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifen ba tare da an mayar da su kayan amfani ba, sai a bar wa waɗanda suka saya riba mafi tsoka. Ɗinkin littafin rubutu da hannu yana daga cikin ƙananan sana'o'in da za su iya riƙe wani kaso na wannan riba a gida, domin ba ya bukatar inji ko wutar lantarki.

Sana'ar tana da tushe a wurin dukawa. Malaman da ba su ɗinke littattafansu, sai dai su tara warƙoƙi a tsakanin tadarishi, wato kwali biyu da aka lulluɓe da fata, a ɗaure, a sa cikin gafaka. Abin da baduku zai ƙara koya shi ne ɗinke takardun. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗinkin sarƙa na Kibɗawan Masar, wanda har yau ake amfani da shi a Habasha. Amfaninsa shi ne littafi yana buɗewa shimfiɗe, mai rubutu ba ya fama da danne shi.

Matakin farko shi ne takarda. Kowace takarda tana da ɓangaren da zarenta ya bi, kuma wajibi ne lanƙwasar ta bi wannan ɓangare. In aka saɓa, shafuka za su yi tauri, littafi ya riƙa buɗe baki. Akasarin takardar A4 ta ofis zarenta ya bi tsawo ne, saboda haka ya fi kyau a sayi manyan falle a yanka yadda ya dace. Ana haɗa falle 4 a ninka biyu, su ba da ƙunshi ɗaya mai shafi 16. Ƙunshi 10 zai ba da littafi mai shafi 160 daga falle 40. Ke nan falle 500 za su fitar da littafi 12, a yi rarar falle 20.

Mataki na biyu shi ne huji da ɗinki. Ana huda tsakiyar kowane ƙunshi da basilla a wurare 4 ko 5, a kan ma'auni ɗaya, don kada gefen littafin ya karkace. Ana goga wa zare mai ƙarfi kakin zuma domin kada ya harɗe ko ya yanka takarda. Sai a ɗinka ƙunshi bayan ƙunshi, kowane ana sarƙe shi da na ƙarƙashinsa.

Mataki na uku shi ne bango, kuma a nan ne darajar littafi take. Fatar da ta dace ita ce wadda majema suka jeme da bagaruwa, aka rina ta da karan dafi. Tana fefuwa da wuƙa har ta yi siriri a bakin kwali, kuma tana karɓar zane da hatimi. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta ta fi dacewa da takalma da jakunkuna, domin ba ta fefuwa da sauƙi, ba ta kuma riƙe zane. Wajen liƙi, ƙullun sitaci da aka dafa ya fi gam ɗin takalma, wanda ke bushewa ya tsage bayan 'yan shekaru. Bayan an liƙa, a danne littafin da abu mai nauyi ya kwana.

Ta fuskar kasuwa, littafin hannu ba zai iya gasar farashi da na inji ba, kuma kuskure ne a kai shi rumfar littattafan 'yan makaranta. Masu sayensa su ne bankuna da kamfanonin da ke rabon kyauta a ƙarshen shekara a Legas da Abuja da Fatakwal, da otal-otal, da kantunan kayan tsaraba. Irin waɗannan masu saye suna bukatar littafi 100 su fito daidai da juna a girma da launi, a kuma kawo a ranar da aka yi alkawari. Don haka mai zuba jari zai yi kyau ya tanadi ma'aunin yanka na ƙarfe, ya sayi fatar kwangila guda daga majemi ɗaya, ya kuma tabbatar an wanke ta ta bushe sosai saboda wari da fumfuna, musamman kayan da za su je kudu mai damshi.

Har ila yau, wajen ƙayyade farashi a lissafa awoyin da mai ɗinki ya ɓata tare da kuɗin fata da takarda da zare, domin aikin hannu shi ne mafi tsada a cikin littafin. Masu son ƙarin horo kan sarrafa fata na iya tuntuɓar cibiyar NILEST da ke Zariya, wadda gwamnatin tarayya ta ɗora wa alhakin bincike da koyarwa a wannan fanni.