GUDAWA GA TSOFAFFI: ABIN DA YA KAMATA MAI JINYA YA SANI

Mafi yawan gargaɗin da ake yi wa jama'a a kan gudawa, ko a rediyo ko a ɗakin shan magani, saboda yara ƙanana ake yin sa, kuma daidai ne. Amma akwai waɗansu mutane da wannan ciwo yake kayarwa da sauri kamar yadda yake kayar da jariri, watau tsofaffi. Jariri dai yakan yi kuka, uwa kuma ita ke wanke shi, ba abin da zai ɓuya mata. Dattijo kuwa sai ya yi shiru. Yana iya kwana biyar yana zarya da buta, kunya ta hana shi faɗa wa 'ya'yansa, balle ɗan fari ko suruka. Sau da yawa sai an ga wanki ya yi yawa, ko an ga ya daina fita masallaci, sa'an nan a farga.

Saboda haka ya kamata kowane gida ya san wanda tsoho yake sakin jiki da shi. Galibi jika ne, domin wasan da ke tsakanin kaka da jika yana ba da damar tambayar da ɗa ba zai iya yi ba. A tambaya sau nawa ake fita a yini, tun yaushe aka fara, da jini ko majina ko babu. A rubuta, gama waɗannan ne tambayoyin da likita zai fara yi.

RUWAN JIKI

Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Tsoho ya fi saurayi shiga wannan haɗari, domin jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, ƙoda kuma ba ta iya tattalin ruwa kamar dā. Ga shi kuma tsofaffi da yawa da gangan suke rage shan ruwa, wai don kada su yi ta tashi cikin dare. Wanda ya jira har tsoho ya ce yana jin ƙishirwa, ya makara.

Dabarar nan ta tsungule fatar ciki a ga ko za ta koma da sauri, wadda ake koya wa iyaye mata, ba ta da tabbas ga tsoho, tun da fatarsa ta riga ta saki. A dubi harshe ko ya bushe, a lura da fitsari ko ya ragu ya yi ja, a ga ko jiri yana ɗibarsa in ya miƙe. Muhimmiyar alama kuma ita ce rikicewar hankali. In dattijon da jiya yake hira sosai yau ya kama sambatu ko yawan barci, kada a ce tsufa ne kawai ko iska. Ƙila ruwa ne ya ƙare masa.

Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti, wanda ake kira ORS. An ga amfaninsa ƙarara a shekarar 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, inda ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, wani likitan Indiya mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba masu kwalara wannan haɗi ta baki, mace-mace suka ragu ƙwarai. Ana zuba fakiti ɗaya cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita 1, watau ruwan leda biyu masu rabin lita. In babu fakiti, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. Kada a ƙara gishiri. A ba shi kurɓi kurɓi, kofi ɗaya ko biyu bayan kowace fita, abin da ya kai awa 24 kuma a zubar a haɗa sabo. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, yawan zaƙinsa ma ƙara gudawar yake yi.

Kada a hana abinci. Kunu, koko, fate, shinkafa mai laushi, ayaba da romo marar maiƙo duk sun dace. In ciwon ya zo cikin watan azumi, an dai san shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, sai a lallashi dattijo ya karɓa.

IN TANA TAFIYA TANA DAWOWA

Gudawar da gurɓataccen ruwa ko abinci ya kawo takan wuce cikin 'yan kwanaki. Wadda ta kai mako 4, ko take ɗaukewa tana dawowa, tana da wani dalili da ya wajaba a nemo, kuma kiran ta basir ko sanyi ba ya warkar da ita.

Akwai wani dalili da yake ruɗin masu jinya ainun. Tsohon da ba ya motsi sosai, ba ya shan ruwa, bayan gida yakan taurare ya toshe ƙarshen hanjinsa. Sai mai ruwa ruwa ya riƙa zagaye wannan dunƙule yana tsiyayowa, yana ɓata wando ba tare da mai shi ya sani ba. Mutanen gida su ce zawo ne, su sayo maganin tsayar da gudawa, alhali kuwa cushewa ce, maganin nan sai ya ƙara ɗaure ta. Alamarta ita ce kwanaki da yawa ba a yi bayan gida sosai ba kafin tsiyayar ta fara, ga kumburin ciki da rashin son abinci. Ma'aikacin lafiya ne zai duba ya fitar da abin da ya toshe.

Sai kuma magunguna. Metformin, wanda masu ciwon sukari da yawa suke sha, sananne ne wajen sakin ciki. Haka magungunan kashe ƙwayoyin cuta, domin suna kashe har da ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji, wani lokaci gudawa mai tsanani ta biyo baya ko da an gama shan su da makonni. Wannan ya sa al'adar sayen Flagyl ko kafso a kemis duk sa'ad da ciki ya murɗa take da haɗari. Ga kuma filasko, da kanwa, da jiƙe-jiƙen wankin ciki da ake tallarsu a tasha da kasuwa. In za a je asibiti a tattara duk abin da tsohon yake sha, na Turawa da na gargajiya, a zuba a leda a tafi da su. Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa yawan fitsari, ko maganin sukari, lalle a tambayi likita tun ranar farko ko ya dakata da shi har ruwan jikinsa ya dawo.

Waɗansu kuma madara ce ba ta karɓe su ba, ko da suna shan ta a dā. A janye ta mako biyu a gani. Nono da kindirmo sun fi sauƙi a ciki.

RANAR DA BA A JIRA

In an ga jini, ko bayan gida baƙi wuluk kamar kwalta, ko zazzaɓi, ko amai da ya hana ruwa zama, ko an wuni ba fitsari, ko hankali ya rikice, asibiti za a nufa nan take. In kuwa yana zuba fari kamar ruwan wankin shinkafa, ana zaton kwalara, wadda take iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A ci gaba da ba shi ORS a kan hanya. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, tsohon da ya kwana biyu yana gudawa ya cancanci a duba shi. Sauyin bayan gida da ya daɗe, tare da rama ko ƙarancin jini, yana bukatar binciken hanji, domin ciwon daji na hanji yakan fara da haka, kuma ya fi jin magani in an gano shi da wuri.

A gida kuma, a ajiye fo ko bokiti mai murfi kusa da shimfiɗa, da fitila, gama faɗuwa a hanyar masai cikin duhu ta karya ƙugun tsofaffi da yawa. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado. A wanke jiki da ruwa mai ɗumi, a tsane, a shafa man basilin don kada fata ta saɓule. Wanki a yi shi a keɓe, ba a tsakar gida kan idon yara ba, kuma namiji ya yi wa uba hidima, mace ta yi wa uwa, in da hali. Mai jinya ya wanke hannunsa da sabulu bayan kowace hidima da kuma kafin ya taɓa abinci.