Darasin Wannan Fitowa: Me Ya Sa Finafinan Yanzu Ba Sa Ƙarewa?

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da ya shigo mana har tsakar ɗaki ba tare da sallama ba, wato finafinan nan masu na biyu da na uku da na huɗu, waɗanda yaranmu ke bi kamar karatu. Da yawanmu ba ma kallonsu, amma mu ne ke sayen jakar makaranta mai hoton jarumansu, mu ne ke sa data, mu ne kuma ke fama da yaron da ya ƙi barci. To tunda kuɗinmu da lokacin 'ya'yanmu ne ke tafiya, ya kamata mu san yadda sana'ar take.

Mu fara da lissafi. A shekarar 2024 fim ɗin da ya fi kowane samun kuɗi a gidajen sinima na duniya shi ne Inside Out 2, wanda ya tara kusan dala biliyan 1.7. Mai bi masa shi ne Deadpool & Wolverine, na uku a jerinsa, da sama da dala biliyan 1.3. Sai Moana 2 da ya haura biliyan 1, sannan Despicable Me 4. Ki duba lambobin da ke manne da sunayen nan, 'yar'uwa. Cikin goma na farko a wannan shekarar da ƙyar za ki samu labarin da aka ƙirƙira sabo fil. Kuma ba Amurka kaɗai ba ce. A 2025 wani katun na ƙasar Sin, Ne Zha 2, ya wuce dala biliyan 2. Indiya kuwa ai ba sai an faɗa mana ba, mun sani ta bakin masu fassara: Baahubali na biyu a 2017, KGF na biyu a 2022, Pushpa na biyu a 2024.

Dalili na farko tsoron asara ne. Babban fim irin waɗannan yakan ci dala miliyan 200 kafin a gama shi, ban da kuɗin talla, wanda shi ma kan wuce miliyan 100. Sannan abin da aka karɓa a ƙofar sinima ba duka ne ke komawa wa kamfani ba, masu gidan sinima na riƙe kusan rabi. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai so caca ba. Duk macen da ta taɓa yin sana'ar gida ta san wannan. In kin saba yin alkaki ana zuwa har gida ana saye, ba za ki kwashe jarinki duka ki zuba a wani sabon abu da ba ki san ko za a so ba. Sunan da mutane suka riga suka sani shi ne jarin. Shi ya sa kamfanin Disney ya sayi Pixar a 2006 a kan dala biliyan 7.4, ya sayi Marvel a 2009 a kan kimanin biliyan 4, ya kuma sayi Lucasfilm, masu Star Wars, a 2012 a kan irin wannan kuɗin. Ba kyamara ko gini ya saya ba. Sunaye ya saya, da fuskokin da yara suka haddace.

Na biyu, kuma nan ne ya fi shafar aljihunmu, fim ɗin kansa sau da yawa talla ne na kayan da za a sayar bayansa. George Lucas ne ya buɗe wa sauran ido: lokacin Star Wars na farko a 1977 ya riƙe haƙƙin sayar da kayan wasa da riguna masu hoton jaruman, daga nan kuwa ya yi arzikin da ba a zata ba. Katun ɗin Cars na 2006 ya samu kimanin dala miliyan 460 a sinima, amma motocin wasa da sauran kayan da ke ɗauke da hotonsa sun ninka wannan kuɗin sau da yawa, sai ga na biyu a 2011, na uku a 2017. Frozen ya fito a 2013, kafin ƙarshen 2014 an sayar da rigunan Elsa da Anna sama da miliyan 3 a Arewacin Amurka kaɗai. Yanzu ki shiga kasuwa lokacin komawa makaranta ki ga jakunkuna da kwanon abinci da gorar ruwa. Yarinyar da ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba ta san Elsa, ta kuma san jakar da take so, ko da ta fi wadda ba ta da hoto tsada kuma ba ta kai ta ƙwari ba. In aka daɗe ba a yi sabon fim ba, yara na mantawa, ciniki ya ja baya. Saboda haka dole a tayar da labarin, ko yana da sauran abin faɗa ko babu.

Akwai kuma dabarar kama iyaye. The Lion King ya fito a 1994, aka sake shi a 2019 ya tara sama da dala biliyan 1.6, aka biyo da Mufasa a 2024. Lilo & Stitch na 2002 shi ma an sake shi a 2025 ya wuce biliyan 1. Wadda ta kalli na farko tana 'yar shekara takwas, yanzu ita ce uwa, ita za ta ɗauki yaranta ta kai su, don tana begen ƙuruciyarta. Tsuntsu biyu ke nan da dutse ɗaya.

Yanzu ma ba sai sun yi hasashe ba, don wayoyi da talabijin masu intanet na faɗa musu abin da ake kallo da adadin mintunan. Moana na farko tun 2016 ya fito, amma a 2023 shi ne fim ɗin da aka fi kalla ta intanet a Amurka, saboda yadda yara ke maimaita shi. Da farko Disney ya shirya ci gaban labarin ne a matsayin shiri mai zango-zango na Disney+, ganin haka ya juya shi ya zama fim ɗin sinima. Wato duk sanda ɗanki ya ce a sake sa masa, ƙuri'a ya jefa bai sani ba.

To ta yaya ake riƙe mai kallo? Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A littafin Dare Dubu da Ɗaya, Shaharzad na yanke labari daidai inda ya fi daɗi don sarki ya bar ta da rai zuwa gobe. Ita ranta take ceta, su kuwa kasuwarsu suke ceta. Baahubali na farko a 2015 ya ƙare ne da nuna amintaccen bawa Kattappa ya soki ubangidansa, ba a faɗi dalili ba, mutane suka yi shekara biyu suna tambayar juna. Avengers: Infinity War na 2018 ya ƙare da rabin jaruman sun zama ƙura, sai aka jira 2019 don Endgame, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8. Su Marvel har wata al'ada suka kawo tun Iron Man na 2008: bayan an gama fim, sunayen ma'aikata sun wuce, sai a ɗan nuna wani gutsure na abin da ke tafe. Finafinan wannan jeri yanzu sun haura 35, kowane na jingine da wani, ta yadda yaro zai ji in ya tsallake ɗaya an bar shi a baya cikin hirar abokai. Mu da muka taso da tatsuniya mun san tana da ƙurunƙus, a ce kowa ya je ya kwanta. Wannan kuwa an gina shi ne don kada a kai ƙurunƙus.

Kada mu ce na Turawa ne kawai. Masu shekaru cikinmu na tune da zamanin kaset, a sayo na ɗaya a Ƙofar Wambai, a zo daidai inda amarya za ta buɗe baki sai a rubuta a nemi na biyu. Yau abin ya koma shiri mai dogon zango: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24, Labarina da Izzar So da suka ɓullo a 2020, da ɗimbin wasu a YouTube. A YouTube ana biyan mai shiri ne gwargwadon tallar da aka gani, saboda haka tsawon labari shi ne ribarsa. Ba zargi nake yi ba, sana'a ce, kuma akwai masu faɗakarwa ƙwarai a cikinsu. Sai dai mai kallo ta sani cewa jan labarin da take ƙorafi a kai ba kuskure ba ne, tsari ne. Shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a 2017 cewa babban abokin gogayyarsu barci ne. Ai ya gama magana.

Abin da ya fi damuna a matsayin darasi ga uwa shi ne wannan: sunan da kika amince da shi jiya ba shi ne tabbacin abin da ke cikinsa yau ba. Uwa ta duba na farko, ta ga ba laifi, shi ke nan ta ba duk zuriyarsa lasisi. Nan ne ake shammatarmu. Finafinan Harry Potter uku na farko an ba su alamar PG, na huɗu a 2005 aka ɗaga shi zuwa PG-13, domin labarin na girma tare da masu kallonsa, yana ƙara duhu da kisa. Amma ƙaramin da ya samu duka takwas a waya ɗaya ba zai jira shekara goma ba, cikin mako guda zai cinye su. Deadpool & Wolverine na Marvel ne, jarumansa na sanye da kaya masu launi irin na Spider-Man, amma alamarsa R ce, cike yake da zubar da jini da ashar, ba a yi shi don yara ba ko a can inda aka yi shi. Lightyear na 2022 reshe ne na Toy Story da kowa ya sani tun 1995, amma ƙasashe da dama, har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Malesiya, ba a nuna shi a cikinsu ba, saboda wata fitowa ta mata biyu da aka nuna a matsayin ma'aurata. Uwar da ta dogara da suna kawai ba za ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Saboda haka mu koyi haruffan nan, ba su da yawa. A tsarin Amurka, wanda aka fara a 1968, G na kowa ne, PG na nufin iyaye su duba, PG-13 akwai abin da bai dace da ɗan ƙasa da 13 ba, R kuwa ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga sai da babba. Abin lura, ita kanta PG-13 an ƙirƙiro ta ne a 1984 bayan iyaye sun yi ca a kan wasu finafinai, ciki har da Indiana Jones na biyu, da suka kai yaransu suna zaton irin na farko ne. Hukumar tace finafinai ta Najeriya tana amfani da lambobi irin 12 da 15 da 18, waɗannan ma sun fi sauƙin ganewa. Amma fa a sani, ma'aunin da aka yi waɗancan haruffa da shi na al'adarsu ne. Abin da suka ce ya dace da ɗan 13 ba lallai ya dace da ɗan 13 na gidanki ba. Kuma fim ɗin da aka tura ta waya daga mai caji, ko aka fassara aka canza masa suna, galibi ba alamar komai a jikinsa. A nan sai ki nemi sunansa na asali ki sa a duba miki, minti biyu ne.

Ba kuma cewa nake duk na biyu shara ba ne. Shi Inside Out 2 ɗin nan, uwar da ke da budurwa za ta tsinci abu a ciki. Yarinyar labarin, Riley, ta kai 13, sai aka nuna wasu sababbin baƙi sun shigo cikin kanta: Fargaba da Hassada da Jin Kunya da Gundura. Fargaba ta ƙwace ragama, wai tana tsara mata gobe, har ta sa yarinyar ta juya wa ƙawayenta baya don ta samu shiga cikin manyan 'yan mata, ƙarshe numfashinta ya sarƙe don tsananin damuwa. Rayuwar da aka nuna ta Amurka ce, wasan ƙanƙara da kwana a sansani, amma yarinyar da ta koma shiru-shiru, ko mai saurin fushi tun da ta shiga sakandare, tana nan a gidajenmu, mu kan ce iskanci ne ko raini. Wadda ta zauna ta kalla tare da 'yarta, ta tambaye ta wanne cikin baƙin nan ya fi damunta, za ta iya jin abin da shekara guda ba ta ji ba.

Game da lokaci kuwa, akwai wani maɓalli da ya kamata kowace uwa ta sani. YouTube da Netflix duk suna saka na gaba da kansu da zarar wanda ake kallo ya ƙare, cikin 'yan daƙiƙoƙi, kafin yaro ya yi tunanin tashi. Ana iya kashe wannan a saituna. In ba ki iya ba, ɗanki ya iya, sai dai ki tsaya a kansa ya yi. Kuma ya fi a yi iyaka da ƙidaya maimakon agogo: fitowa ɗaya yau, ba "minti talatin" ba, don minti talatin kan cika ne a tsakiyar labari, daga nan rigima ta tashi. A faɗi iyakar kafin a kunna, ba bayan ido ya riga ya kafe ba.

Ga masu halartar zaman karatu na rassa, kafin haɗuwa ta gaba kowace ta tambayi yaran gidanta sunayen finafinai ko shirye-shirye uku da suke bi yanzu, da lambar da kowanne ya kai. Ta rubuto su, ta binciko alamar shekarun kowanne, ta kuma ƙirga kaya nawa ne a gidan ke ɗauke da hoton jarumansu. A zo da takardar, za mu tattauna a kai in sha Allahu.